Ta yaya kuke samun labari idan Ceph ya fara ciwo da dare?

Bashir_Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya dan Allah, masu harkar sabar ku taimaka. A shirkar da nake aiki a nan Jidda muna da ƙaramin kulasta na Ceph, wato manhajar da ke haɗa diskokin sabar da yawa su zama ma'aji ɗaya, sabar huɗu ne a kan Proxmox mai gudanar da VM (kwamfutocin kwaikwayo), sigar Ceph mai suna Reef muke kai. Daren Alhamis wani diski ya mutu, kun san Juma'a da Asabar babu dawam, wato ba a zuwa aiki, to sai Lahadi da safe da na buga ceph -s na ga HEALTH_WARN yana jirana tun daren Alhamis ɗin. Alhamdulillah komai bai ɓata ba amma hankalina ya tashi, da na biyu ya bi shi fa? Mudir, wato manajanmu, ya ce babu kuɗin sayen wata manhajar sa ido, duk abin da za a yi a yi shi da abin da ke hannu. Ni so nake daga tamina (terminal) kawai in haɗa wani abu da zai riƙa turo min saƙo a jawwal, wato wayata, idan lafiyar kulasta ta canza. Me kuke amfani da shi?

kanawan_dabo:
Wa alaikumus salam. Ai cron ne kawai malam, mai tayar da umarni a kan lokacin da ka saka masa, duk minti biyar ya buga ceph health, in bai ga HEALTH_OK ba ya yi curl zuwa bot ɗin Telegram. Layi uku ne, khalas.

Abu_Safwan:
Ceph ɗin da kansa yana da wannan a ciki fa, ba sai ka rubuta komai ba. ceph mgr module enable alerts, sai ka saka masa bayanan imel da ceph config set mgr mgr/alerts/smtp_host da smtp_destination da smtp_sender, in akwai suna da kalmar sirri ka ƙara smtp_user da smtp_password. A yadda ya zo duk sakan 60 yake dubawa kuma ta ƙofa 465 yake fita da SSL. In ka gama ka buga ceph alerts send ka ga ko imel ya shigo.

Bashir_Jidda:
@Abu_Safwan wallahi ban san da shi ba, na gode. Amma imel… ni gaskiya imel ɗin aiki ba na buɗe shi ranar Juma'a, wa zai buɗe 😅

Baba_Injiniya:
Bashir ɗana, duka biyun da aka gaya maka suna aiki, amma kowanne yana da rami ɗaya kuma ramin a wuri guda yake. Ka yi tunanin ranar da abin ya lalace sosai, ba diski ɗaya ba, a ce mon biyu cikin uku sun tafi. Babu ƙoram ke nan, wato rinjayen da ake buƙata ya ɓace. A ranar ceph health ba zai ce maka HEALTH_ERR ba, ba zai ce komai ba, tsayawa zai yi cak yana neman mon, sai ya kai kamar sakan 300 kafin ya haƙura ya fito da kuskure. To skirif ɗin da aka rubuta "in ka ga WARN ko ERR ka turo saƙo" bai ga ko ɗaya ba, sai ya yi shiru. In ma an rubuta shi yadda kanawan_dabo ya ce, "in ba ka ga OK ba", ya fi, amma cron zai yi ta tara su ɗaya kan ɗaya suna rataye kuma saƙon zai makara. Shi kuma na alerts ɗin a cikin mgr yake zaune, mgr kuwa da mon yake dogara. Mai gadin da yake kwana a ɗakin da gobarar ta tashi ke nan.

Abin da nake yi shi ne in sa timeout a gaba, kuma in ɗauki rashin amsa a matsayin babbar matsala:

s=$(timeout 20 ceph --id gadi health detail -f json | jq -r '.status, (.checks | keys[])')
[ -z "$s" ] && s="BABU_AMSA"

Sai ka kwatanta $s da abin da ka ajiye a fayil a zagayen baya, in sun bambanta kaɗai za ka tura. In ba haka ba duk minti biyar jawwal ɗinka zai yi ƙara a kan magana ɗaya, kafin asuba ka kashe masa murya, kuma daga ranar da ka kashe murya shi ke nan aikin ya tashi a banza.

kanawan_dabo:
Baba an gaishe ka. To layi ukun ya zama goma hhh amma gaskiya ne

talibi_madina:
Afuwan manya, ni ɗalibi ne a nan Madina ina koyon Linux a gefe. Mene ne mon da mgr da OSD ɗin nan? Kuma wannan --id gadi ɗin daga ina ya fito?

ummu_hanan:
@talibi_madina ƙanena, a taƙaice: OSD shi ne ɗan shirin da ke riƙe da diski, yawanci kowane diski da nasa. Mon su ne masu riƙe taswirar kulasta, su suke faɗin wa ke raye wa ya faɗi, kuma sai mafi rinjaye sun yarda kafin komai ya tafi, shi ya sa ake sa uku ko biyar. Mgr shi ke tattara lissafi da ɗaukar ƙananan kayan ƙari irin alerts da dashbod. Shi gadi suna ne kawai da Baba ya raɗa wa wani mai amfani da ba shi da iko sai na karatu, haka ake yinsa:

ceph auth get-or-create client.gadi mon 'allow r' mgr 'allow r'

Kar ka taɓa ba skirif ɗin sa ido makullin admin, wanda zai iya goge pool, wato rumbun bayanai, gaba ɗaya ba shi ake bari a cikin cron ba.

talibi_madina:
Allah ya saka da alheri Anti, na gane

dan_maiurno:
Ni zan ƙara kan maganar Baba. Ko timeout ɗin bai isa ba in skirif ɗin a kan sabar guda yake da kulastan. Kafin in zo Makka ina aiki a Khartum, kuma mu can kahraba ita ce babbar matsala ba diski ba. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batir ya ƙare, komai ya mutu har da mai turo saƙon. Jawwal shiru, kai kana ganin lafiya lau. Bayan yaƙin da ya fara a Afrilu 2023 ma abin ya wuce nan, a Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke kusan ƙasar gaba ɗaya, wa zai turo wa wa saƙo. Abin da na koya shi ne a juya lissafin: skirif ɗin duk zagaye ya taɓa wani wuri a waje ya ce "ina raye", shi kuma na wajen in minti goma suka wuce bai ji ba shi zai kira ka. Akwai Healthchecks, za ka iya amfani da nasu ko ka ɗora naka a ƙaramar sabar haya a wani gari. Curl ɗaya ne a ƙarshen skirif.

Baba_Injiniya:
Sadaƙta ya zol, ka faɗi gaskiya. Wannan shi ne rabin da na bari.

Muhandis_Dammam:
Jama'a ku yi haƙuri amma duk wannan sake ƙera abin da aka riga aka ƙera ne. Shekara nawa ana wannan aikin. ceph mgr module enable prometheus, ya buɗe maka ƙofa 9283, Prometheus, manhajar tattara alƙaluman sa ido, ya riƙa kwasa, abokin aikinsa Alertmanager ya tura saƙon. Akwai ceph_health_status, 0 lafiya, 1 gargaɗi, 2 matsala. Alertmanager ya san haɗa saƙonni iri ɗaya wuri guda, ya san maimaitawa bayan awanni in ba a gyara ba, ya san yin shiru lokacin gyara, kuma tun 0.24 yana tura Telegram kai tsaye. In mgr ya mutu ma ka rubuta ƙa'ida a kan up == 0 ka ji. Kuma duk kyauta ne, mudir ba zai biya riyal ɗaya ba. In cephadm kake amfani da shi ma shi da kansa zai girka maka Prometheus da Grafana da Alertmanager.

Abu_Safwan:
Muhandis ka karanta saƙon farko, Proxmox ya ce. Proxmox da pveceph yake girka Ceph, babu cephadm a nan. Sai dai ya ɗora su da hannu.

Muhandis_Dammam:
To ya ɗora da hannu mana, kwantena biyu ne. Kuma tunda yana son tamina akwai amtool, amtool alert query ya nuna maka abin da ke ci yanzu, amtool silence add ka yi shiru da shi. Ba sai ya buɗe burauza ba

kanawan_dabo:
Ya ɗora su a ina? A kan VM ɗin da diskinta ke cikin Ceph ɗin? 😂 na ga wanda ya yi haka wallahi, kulasta ya tsaya Prometheus ya daskare tare da shi

Muhandis_Dammam:
Wannan kuma laifin mai ɗorawa ne ba na Prometheus ba

ummu_hanan:
Ni ina ganin kun tsaya kan yadda za a tura, ba ku yi maganar me za a tura ba, kuma a nan ne mutane suke gajiya. HEALTH_WARN ba abu ɗaya ba ne. PG_NOT_DEEP_SCRUBBED gargaɗi ne, RECENT_CRASH gargaɗi ne, OSD_DOWN ma gargaɗi ne, amma ba ɗaya suke ba. A wajenmu na raba su gida biyu. Waɗanda za su tashe ni ko ƙarfe uku na dare ne: BABU_AMSA irin na Baba, MON_DOWN, PG_AVAILABILITY, OSD_FULL, PG_DAMAGED, da OSD_DOWN in ya wuce ɗaya ko sabar ce gaba ɗaya. Sauran su tafi wani zauren daban marar ƙara in duba da safe tare da shayi. RECENT_CRASH ɗin nan in ba ka yi komai ba sati biyu zai zauna yana ɓata maka launi, ka duba da ceph crash ls-new, ka karanta da ceph crash info, in ka gamsu ka yi ceph crash archive-all. Abin da na fi tsoro shi ne kulastan da kullum yake WARN saboda ƙaramin abu, ido ya saba, ranar da babban ya zo ba wanda zai lura.

Kuma Bashir diski ɗaya da ya mutu ranar Alhamis, in size ɗinka 3 ne min_size 2, wato kwafi uku na kowane bayani kuma biyu sun isa a ci gaba da aiki, kuma akwai sarari, Ceph da kansa yake gyarawa. Bayan minti goma, wato sakan 600, zai fitar da OSD ɗin ya kwafi bayanan zuwa sauran. Ba lallai ne ka bar gida ba, sani kawai kake buƙata.

Bashir_Jidda:
Haka ne Hajiya, da na duba duk PG, wato rukunonin da Ceph ke raba bayanai a ciki, sun koma active+clean, OSD ɗin ne kawai aka fitar. Size 3 ne. Sararin kuma ceph df yana nuna kusan 70 cikin ɗari

Baba_Injiniya:
Tsaya tsaya. Sabar huɗu, 70 cikin ɗari? Bashir wannan ya fi diskin da ya mutu tayar min da hankali. Ɗauki biro. In sabar ɗaya ta mutu gaba ɗaya, abin da ke kan huɗu dole ya koma kan uku. 70 sau 4 a raba 3 ya ba ka 93 da 'yan kai. Ceph yana fara kukan nearfull a 85, ya daina kwafa zuwa diskin da ya kai 90, a 95 kuma ya hana rubutu gaba ɗaya, VM ɗinku su tsaya cak. Kuma ba matsakaicin lissafi yake dubawa ba, diskin da ya fi kowa cika shi ke jawo wa kowa. Buga ceph osd df ka dubi %USE da VAR, zan yi mamaki in babu wanda ya haura 78. Ka duba ceph balancer status ma ka ga ko yana aiki. Wato kai gargaɗin 85 na Ceph ya yi maka latti, dole ka sa naka a skirif, wajen 65, domin 65 ɗin ma in sabar ta tafi ya zama kusan 87.

Bashir_Jidda:
Innalillahi. Na duba yanzu, akwai ɗaya a 79

Muhandis_Dammam:
Kun gani, irin wannan ne cron ba zai ba ka ba. Da Prometheus sai ka yi predict_linear ya gaya maka nan da sati nawa zai cika

kanawan_dabo:
Shi da ya riga ya wuce layin, hasashen me kuma zai jira, diski zai roƙi mudir 😄

Abu_Safwan:
Maganar roƙon mudir, ka kai masa lissafin Baba a takarda da larabci, ka rubuta masa cewa in sabar ɗaya ta faɗi tsarin kuɗi da na fatura za su tsaya. In ka ce masa nearfull zai ce inshallah bukra

sadiq_batha:
Ni nawa ƙarin shi ne zafi. A Riyad watan Yuli da Agusta waje yana haura 45, kuma yawancin ƙananan shirka ɗakin sabar ɗinsu wani sito ne da mukayyif, wato AC, ɗaya irin na gida. Namu ya taɓa tsayawa ranar Juma'a ana masallaci, ruwa ya toshe bututun, kafin la'asar diskoki suna ta SLOW_OPS ba wanda ya san dalili. Ceph zai gaya maka yana jan ƙafa amma ba zai ce maka ɗakin ya zama tanda ba. Tun daga nan na ƙara ipmitool sdr type temperature a skirif ɗin, in iskar da ke shiga ta haura abin da na saka ya turo. Da smartctl -A a kan kowane diski, ina kallon Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, in suka fara hawa na san diskin yana shirin tafiya. Kai Bashir a Jidda ga laima kuma

dan_maiurno:
Zafin Riyad ai wasa ne, ka je Port Sudan a watan Agusta ka dawo mu yi magana

sadiq_batha:
Ya zol kowa ya san ku kun fi kowa komai hhh, har shayin ma naku ya fi sukari

talibi_madina:
To me ya sa kowa yake cewa Telegram, mu ai WhatsApp muka fi dubawa

kanawan_dabo:
Saboda sauƙi. Telegram ka je wajen BotFather minti biyu ya ba ka token, curl ɗaya zuwa sendMessage shi ke nan. WhatsApp na hukuma sai ka yi rajistar kasuwanci da tsarin saƙo da aka amince da shi. Ka dai sani saƙon Telegram ba ya wuce harafi 4096, kuma health detail ranar da abu ya rikice yana iya yin layi ɗaruruwa, in ba ka yanke da head ba saƙon zai ƙi tafiya a daidai ranar da ka fi buƙatarsa

ummu_hanan:
Kuma a kula da abin da ake turawa waje. Sunan matsala da adadi ya isa, ba sai an tura adireshin sabar da sunayen pool na abokan ciniki ba. Wasu shirkokin a nan dokarsu ta cikin gida ma ta hana, gara ka tambaya tukuna. Token ɗin kuma a fayil mai chmod 600 ba a cikin git ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a rage zancen shayi a koma kan tambayar Malam Bashir. Na maƙala amsar Baba ta farko a sama.

Abu_Safwan:
Wani abu da ba a faɗa ba, lokacin gyara. In za ka kashe sabar ka canza diski ka fara ceph osd set noout don kar ya fara kwashe kaya bayan minti goman nan. Amma noout ɗin da kansa yana jawo WARN mai suna OSDMAP_FLAGS. Daga Octopus akwai ceph health mute, misali ceph health mute OSD_DOWN 2h, in wa'adin ya cika ya dawo da kansa, in kuma wani OSD ya ƙara faɗuwa a tsakani shirun yana warwarewa. Kullum ka sa masa wa'adi.

Baba_Injiniya:
Shi noout kar ku kuskura ku yi masa mute mai tsawo. Na je taimakon wani waje na tarar an sa noout tun wani gyaran da aka yi watanni baya, mai aikin ya yi khuruj ya koma ƙasarsu, ba wanda ya cire. Diski biyu sun mutu a sabar daban daban, Ceph yana zaune bai gyara komai ba domin an ce masa kar ya fitar da kowa. A skirif ɗina in noout ya kwana sai ya tuna min kowace safiya har in cire.

hafiz_makka:
Ni matsalata MON_CLOCK_SKEW ce, yana zuwa yana tafiya kullum, shi ya sa na daina kallon saƙonnin ma. Na tabbatar duk sabar suna kan Asia/Riyadh

Muhandis_Dammam:
Ba ruwansa da yankin lokaci malam hafiz. Bambancin agogo tsakanin mon yake aunawa kuma abin da ya yarda da shi 0.05 na sakan ne kawai. Buga chronyc sources da chronyc tracking a kowace, yawanci za ka tarar ɗaya ba ta isa NTP, wato sabar daidaita agogo, saboda an toshe UDP 123 a waje. Ka sa duka su sha daga wuri ɗaya na cikin gida. ceph time-sync-status zai nuna maka wace ce ta kauce

hafiz_makka:
To zan duba bayan isha

Bashir_Jidda:
Na gode ƙwarai jama'a. Yanzu dai na rubuta skirif ɗin da timeout da client.gadi, na gwada a hannu saƙo ya shigo, amma da na saka a cron shiru. Me na rasa?

kanawan_dabo:
PATH ne ko makulli. Cron ba ya ɗaukar muhallin da kake da shi a tamina, rubuta cikakkiyar hanya /usr/bin/ceph da /usr/bin/jq, ka tura kuskure zuwa fayil da 2>> ka karanta. In kuma akwai alamar % a layin crontab ɗin sai ka sa mata \ a gaba, cron yana ɗaukarta sabon layi

ummu_hanan:
Ko kuma ba abin da ya canza ne tun gwajin da ka yi a hannu, ai Baba ya ce sai in ya bambanta zai tura. Goge fayil ɗin ajiyar ka jira zagaye ɗaya.

Bashir_Jidda:
Hhh Hajiya ta canka, na goge ya shigo

dan_maiurno:
To yanzu saura gwaji na gaske. Ranar dawam da rana, kowa yana nan, ka sa noout ka tsayar da OSD ɗaya da systemctl stop ceph-osd@ da lambarsa ka ga minti nawa kafin jawwal ya yi ƙara. Sannan ka kashe cron ɗin ka ga ko na wajen zai neme ka

Muhandis_Dammam:
Da diski a 79 ni ba zan taɓa komai ba sai an ƙaro sarari. Kuma har yanzu ina kan bakana, nan da wata shida skirif ɗin nan zai zama layi ɗari uku ba mai gane shi sai Bashir, ranar da ya tafi hutu Kano wa zai gyara

Baba_Injiniya:
Da noout babu abin da zai motsa Muhandis, minti biyar ne. Maganar layi ɗari uku kuma ban musa ba, na ga fayil ɗin ƙa'idojin Prometheus da shi ma ba mai gane shi sai wanda ya rubuta

talibi_madina:
Tambaya ta ƙarshe dan Allah, zan iya gwada duk wannan a laftof mai RAM 16 ko sai na samu sabar?

Abu_Safwan:
VM uku ƙanana kowacce da ƙarin diski ɗaya za su yi don koyo, zai yi nauyi amma zai tashi. Buɗe sabon zare a kai kar mu cika wa Bashir nasa

sadiq_batha:
Bashir ka duba zafin ɗakin fa, ba ka amsa ni ba